Gwanin da ke Mayar da Rediyo Lissafi

A Fezzan, kamar sauran tsofaffin unguwannin Maiduguri, ba a raina akwatin rediyo. Da aka katse layukan waya a Borno cikin Mayun 2013, shi ya ci gaba da kawo labari, har da na BBC Hausa da ake saurare tun 1957. Mai gyaran rediyo ya san cikinsa sarai: kowane aiki da nasa ƙarfen, wannan ya zaɓo tasha, wancan ya ƙara murya.

To akwai wani gwanin da ya ɗauke yawancin ayyukan nan daga ƙarfe ya damƙa wa manhaja, kuma aikinsa yana burge ni matuƙa. Injiniya Joseph Mitola na Amurka ne ya fito da tsarin fili a farkon shekarun 1990. Eriya ta kamo igiyar rediyo, na'ura ta riƙa auna ta tana mayar da ita lambobi, sauran aiki kuma lissafi ne. Manhaja ke tankaɗe lambobin kamar rariya, ta zubar da shuu, ta fitar da muryar mai labarai. A sauya manhajar, akwatin da ke kama FM ɗazu ya koma jin saƙon da jiragen sama ke aikawa a megahaz 1090, ba tare da an narka dalma ba.

A 2012 aka gane cewa 'yar na'urar kallon talabijin mai guntun RTL2832U, wadda ake soka wa kwamfuta, tana iya auna igiya fiye da sau miliyan 2 a daƙiƙa. Daga nan fasahar ta zo hannun ɗalibi.

Gwanintar kuwa tana wajen yanke shawara: ina ƙarfe zai tsaya, ina lissafi zai karɓa? Na'urar nan daga wajen megahaz 24 take fara ji, alhali mita 25 ta gajeren zango tana kusa da 12, don haka dole a ƙara mata abin da zai ɗaga siginar. Ga kuma hayaniyar janareto da inbata, waɗanda suka yawaita a Maiduguri bayan lalata turakun lantarki a 2021. Abin da hayaniya ta binne tun a eriya, lissafi da wuya ya tono shi. Shi ya sa gwanin wannan fasaha yakan fara da nisanta eriya daga wayoyin gida, ya sa mata matata, kafin ya taɓa manhaja.