Jigon Rabuwa a Littafin Shaihu Umar: Karatu daga Dutse

Gabatarwa

Manazarta da dama sun ɗauki Shaihu Umar, ƙagaggen labarin da Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta domin gasar da aka shirya a Zariya a 1933, aka buga a 1934, a matsayin littafi a kan bauta. Wannan gaskiya ne, amma ba shi ke nan ba. Manufar wannan sharhi ita ce a nuna cewa ƙashin bayan littafin shi ne rabuwa da dangi da yadda mutum kan jure mata, sa'an nan a auna abin da marubucin ya faɗa da abin da ya faru a Dutse, inda rabuwa ta zama abin yau da kullum ga dubban mutane.

Dutse da Baƙinta

Ranar 27 ga Agusta, 1991, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta cire Jihar Jigawa daga Jihar Kano, ta mai da Dutse hedikwata. Ma'aikatan da asalinsu daga Haɗeja ne, ko Gumel, ko Kazaure, ko Ringim, ko Birnin Kudu, aka ce su koma sabuwar jiharsu. Da yawansu a Kano suka yi aure, a Kano 'ya'yansu ke makaranta. Dutse kuwa a lokacin ƙaramin gari ne wanda gidajensa ba su isa su ɗauke su ba. Saboda haka sai suka bar iyali a Kano, suna bin hanyar Wudil ranar Litinin, su juyo ranar Juma'a. Tun kafin su ma, 'yan cin rani da almajirai daga ƙauyukan Jahun da Kiyawa sun san wannan hali. Mai karatu daga wannan yanki ba ya bukatar a fassara masa ciwon da ke cikin littafin.

Hanyoyi Uku

Marubucin ya kawo mutum uku, kowa da yadda ya fuskanci rabuwa.

Na farko shi ne Makau, bafaden da ya auri mahaifiyar Umar. Da makircin abokan fada ya sa aka kore shi daga Kagara, bai tsaya kuka ba. Ya yi gaba, ya sami masauki a Maƙarfi, ya kafa gida, sa'an nan ya aika a zo masa da iyalinsa. A wurinsa rabuwa abu ne mai wa'adi, maganinta kuwa aiki. Wannan ita ce hanyar ma'aikacin da ya yi haƙuri da ɗakin haya a Dutse har ya mallaki fili, ya kwaso iyali.

Na biyu shi ne Umar kansa. An sace shi yana ƙarami, ya bi hannuwa dabam-dabam har ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim a Kano, wanda ya tafi da shi Ber Kufa, ya riƙe shi kamar ɗa. Umar ya sami sabon uba, ya sami malami, ya yi ilimi har ya zama abin kwatance. Hanyarsa ita ce musanya: ya cike gurbin dangin jini da dangin riƙo da na karatu. Bahaushe ya san wannan sarai, domin a kanta tsarin almajirci ya ginu.

Ta uku ita ce mahaifiyar Umar. Ta je ganin iyayenta a Fatika, a bayanta aka ɗauke yaron. Ita ba ta yarda da wa'adi ba, ba ta yarda da musanya ba. Ta bar gidan mijinta ta bi sawu, aka yaudare ta, aka ƙetara hamada da ita, aka sayar da ita baiwa. Da ta yi ido biyu da ɗanta a Tarabulus, ƙarfinta ya riga ya ƙare, ba ta daɗe ba ta rasu.

Inda Littafin Ya Gaza

Umar ne mai ba da labari, yana zaune a Rauta cikin ɗalibansa, shekaru sun ja, zuciya ta huce. Wannan zubi ya ba littafin natsuwa da sauƙin harshe, amma ya jawo masa aibi guda. Duk abin da ya faru ana ganinsa ne da idon wanda tafiya ta amfana. Shekarun da Umar ya yi a Ber Kufa sun wuce ba tare da an ji begen gida ya hana shi barci ba, sai da ya girma mafarki ya tuna masa da uwa. Wahalar uwar kuwa, wadda ita ce mafi nauyi a labarin, an bi ta da sauri, an rufe ta da ƙaddara. Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilimi, littafin kuwa ya tabbatar da haka, amma bai tsaya ya ƙidaya abin da aka biya kafin a sami mabuɗin ba, ko ya faɗi wanda ya biya.

A nan ne darasin Dutse ya fi na littafin faɗi. Matafiyi yana da sababbin abokai, da majalisa, da aikin da zai ɗauke masa hankali. Matar da aka bari a Kano da yara, da tsohuwar da ɗanta ya tafi cin rani daga Jahun, ba su da sabon abu ko ɗaya, sai gurbin wanda ya tafi. Wayar hannu ta rage nisan murya, amma ba ta kai yaro asibiti da tsakar dare. Shi ya sa har yanzu zumunta a ƙafa take.

Kammalawa

Shaihu Umar ya cancanci matsayinsa, an mai da shi wasan kwaikwayo, Adamu Halilu kuma ya yi fim ɗinsa a 1976. Sai dai malamin da zai koyar da shi a Dutse, ko a makarantun sakandare ko a Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, ya kamata ya sa ɗalibai su sake bin labarin daga wajen uwar. Idan sun yi haka za su gane cewa jure wa rabuwa nauyi ne na mutum biyu, kuma wanda aka bari a gida ne ke ɗaukar babban kaso.