Dodo Marar Dalili: Fim ɗin Halloween na 2018 da Magabatansa

Daga cikin fina-finan ban tsoro da matasan Dutse da kewayenta ke karɓa a waya daga shagunan masu tura fina-finai, akwai nau'in da Amurkawa ke kira silasha, wato labarin makashi guda mai rufaffiyar fuska wanda ke bin mutane ɗaiɗai yana hallaka su da makami mai kaifi, har a ƙarshe mutum ɗaya ya rage, galibi budurwa. Fim ɗin da ya tsayar da ƙa'idojin wannan nau'i shi ne Halloween na 1978, wanda John Carpenter ya ba da umarni, kuma a cikinsa Michael Myers, da ya kashe yayarsa yana ɗan shekara 6, ya tsero daga asibitin masu taɓin hankali bayan shekara 15 ya dinga bibiyar Laurie Strode, wadda Jamie Lee Curtis ta fito a matsayinta.

Ƙarfin wannan fim na farko ba a jini yake ba, domin mutum 5 kacal Michael ya kashe, kuma ba a faɗi abin da Laurie ta yi masa ba. Wanda ya tashi yana sauraron tatsuniya a tsakar gida bayan sallar isha'i ya san wannan dabara, domin tsohuwar da ke ba da labarin Dodo ba ta tsayawa bayanin asalinsa ko abin da ya ɓata masa rai. Isowarsa bakin rafi kawai take ambata, yara su matso jikinta. Kashi na biyu, na 1981, shi ya fara warware wannan ƙulli da ya mayar da Laurie ƙanwar Michael, abin da ya rage dodon zuwa ɗan'uwa mai ƙullin gaba, wato rikicin cikin gida irin wanda mai kallon fina-finan Hausa ya saba gani yana ƙarewa a gaban dattawa. Na 1995 kuwa ya jingina kisan ga wata ƙungiyar asiri.

Da David Gordon Green ya fitar da nasa a 2018, sai ya share duk abin da ya biyo bayan na farko, har da zumuncin, ya ɗora labarinsa shekara 40 bayan daren da Michael ya bibiyi Laurie a fim na farko, kuma wannan shi ne hukunci mafi kyau da aka yanke a tarihin jerin. Laurie ta zama kaka mai jika, ta mayar da gidanta tarko, tsoro ya raba ta da ɗiyarta Karen, alhali shi Michael bai fito domin ita ba, wani ne ya kai shi ƙofarta. Abin tausayi ne matuƙa a ga mace ta ƙarar da rayuwarta tana dakon wanda ba ya nuna alamar ya riƙe ta a zuciya.

Sai dai fim ɗin ya mayar wa dodon rashin dalilinsa, amma bai mayar masa da ƙarancin bayyanarsa ba. Gawarwakin sun haura 10, kyamara tana bin Michael gida-gida, kuma mai kallo yakan koma ƙirga matattu a maimakon leƙen inuwar da ke bayan shanyar tufafi, inda Carpenter ya tsayar da shi da rana tsaka bai ko motsa ba.