Mai Waya da Mai Makulli: Sharhi kan Gardamar Sadarwa a Fadodin Damagaram

1. Gabatarwa

A wannan takarda muna so mu duba wata gardama da ta zama ruwan dare a birnin Zinder, wato wadda matasa ke yi a fadodinsu na shan shayi, daga Birni zuwa Zango da Garin Malam, wadda kuma daga baya ta shiga cikin salula, inda ake aika ta da murya ta WhatsApp. Maganar dai ta rezo ce: me ya sa yake da tsada, me ya sa yake ɗaukewa, wa ke cin kuɗin, wa kuma ya cancanci riƙe shi. Za mu ɗauke ta yadda manazarci ke ɗaukar kowane matani, mu auna hujjojinta. Kalmar fada kanta aro ce daga fadar sarki, kuma waɗannan majalisu sun bunƙasa ne a shekarun 1990, bayan Babban Taron Ƙasa na 1991, lokacin da baki ya buɗe, aikin yi kuwa ya rufe. Don haka ba daidai ba ne a raina abin da ake faɗa a cikinsu da sunan hirar zaman banza.

2. Ɓangarori biyu

Masu gardamar sun kasu gida biyu. Ɓangare na farko, wanda mafi yawansa masu ɗan shekaru ne, yana ganin duk wata masifa daga kankanewar gwamnati ta fito. Hujjarsu tarihi ne, kuma tarihin yana goyon bayansu. Har ƙarshen shekarun 1990 waya tana hannun hukuma ita kaɗai: OPT ke riƙe da layukan cikin gida, STIN da na waje, kafin a haɗa su a 1997 a samar da SONITEL. A wancan zamani layi abu ne na ofisoshi da manyan ƴan kasuwa, sauran jama'a kuwa sai jerin gwano a gidan waya ko telesantar. A 1999 aka yi dokar buɗe kasuwa, aka kafa hukumar sa ido ta ARM. Celtel ya fara aiki a 2001, kuma kankanewar SONITEL ta ƙare a hukumance a ƙarshen 2004. Cikin ƴan shekaru mai sayar da goro a kasuwar Dole ya samu abin da babban ma'aikaci ba shi da shi a da. Wannan ba abin musu ba ne.

Inda wannan ɓangare ya yi rauni shi ne yadda yake tsallake shekarar 2001, wadda a cikinta aka sayar da kashi 51 cikin ɗari na SONITEL ga Dataport, haɗin gwiwar ZTE na Sin da LAAICO na Libiya. Sayarwar ba ta haifar da ɗa mai ido ba. Gwamnati ta karɓe kamfanin a 2009, majalisa ta mayar da shi mallakar ƙasa a 2012, sa'an nan a 2016 aka haɗe shi da SahelCom aka kira shi Niger Telecom. Ashe ke nan ba sayarwa ce ta kawo sauƙi ba, gasa ce ta kawo shi, kuma waɗannan abubuwa biyu daban suke, ko da yake a fada akan ambace su da numfashi ɗaya.

Ɓangare na biyu, wanda muryarsa ta ƙara ƙarfi bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, yana cewa kamfanonin waje ne ke kwashe arzikin ƙasa, don haka a mayar da komai hannun hukuma. Shi ma yana da abin kamawa, domin kuwa a ƙarshen 2018 hukumar haraji ta rufe ofisoshin Orange da na Airtel a kan bashin haraji. Amma sau da yawa za ka ji mai magana yana ɗora laifin tsadar kiredi a kan Faransa, alhali Orange ya sayar da reshensa ga ƴan kasuwar yankin tun 2019, ya koma Zamani Telecom. Airtel kuwa tun 2010 na Bharti ne na Indiya, Moov kuma ya shiga hannun Maroc Telecom a 2015. Take ya rigaya bincike ke nan. Abin mamaki kuma, da yawa daga masu wannan kira an haife su ne bayan zuwan salula, suna begen zamanin da ba su taɓa tsayawa jiran layi a cikinsa ba.

Akwai wani zare na uku da ke ratsa duka biyun, wato ƙorafin Damagaram a kan Yamai, wanda ya samo asali tun 1926 da aka ɗauke hedikwatar mulki daga Zinder. Ba za mu daɗe a kansa ba. Abin lura kawai shi ne Kano ta fi Yamai kusa da Zinder nesa ba kusa ba, amma shekara da shekaru intanet ɗin ƙasar ta bakin teku a Kwatano yake shigowa, har da kebul ɗin SAT-3 ya lalace a Yulin 2009 Nijar ta shiga duhu tare da Benin da Togo.

3. Makulli

A ganinmu babban giɓin gardamar shi ne, duka ɓangarorin suna jayayya a kan mai waya, sun manta da mai makulli. Zinder kuwa ta fi kowane gari dalilin tunawa da shi. Ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015 a nan ne zanga-zangar nuna fushi da zanen jaridar Charlie Hebdo ta fara, aka ƙona coci-coci da cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar, aka yi asarar rayuka, washegari wutar ta kama Yamai. A kwanakin da suka biyo baya hukuma ta toshe saƙonnin SMS da shafukan sada zumunta na ɗan lokaci. Mai adalci ba zai ce babu haɗari a wancan mako ba; akwai shi, kuma saƙonni sun taimaka wajen rura shi. Sai dai mutane da yawa sun haɗiye matakin ba tare da tambayar wace doka ce ta ba da izni ba, ko wane alƙali ya sa hannu, ko yaushe zai ƙare.

Abin da aka haɗiye a 2015 ya dawo a 2021. Bayan hukumar zaɓe ta bayyana Mohamed Bazoum a matsayin wanda ya yi nasara a kan Mahamane Ousmane, haifaffen Zinder kuma shugaban ƙasa daga 1993 zuwa 1996, aka tsinke intanet na wayar hannu daga 24 ga Fabrairu, bai dawo ba sai bayan kwana goma. A lokacin kamfanoni huɗu ne a kasuwa, ɗaya na gwamnati, uku masu zaman kansu. Gasar da ɓangare na farko ke yabo ba ta hana komai ba, domin lasisin kowanensu a hannun hukuma yake. Wanda ke neman ƙarin shaida ya dubi maƙwabta: a Najeriya, inda kasuwar take a buɗe tun 2001, an dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, an kuma rufe layukan jihar Zamfara baki ɗaya a Satumbar 2021. Ɓangare na biyu kuma, da yake son a tara komai hannun hukuma, bai lura cewa yana neman a miƙa wa mai makulli har da ƙofar ba.

Ko zuwan Starlink, wanda wasu suka yi wa kallon hanyar da ba mai iya toshewa tunda daga sama take saukowa, da yarjejeniyar da gwamnati ta sa wa hannu a 2024 ya shigo. Mai ba da izni yana iya janye shi.

4. Harshen doka da harshen fada

Nan ne maganar ta shafi sashenmu kai tsaye. A 2019 aka yi dokar laifuffukan intanet, wadda ta tanadi ɗauri ga ɓata suna, da zagi, da yaɗa abin da zai iya ta da hankalin jama'a. Da ita aka tsare ƴar jarida Samira Sabou a 2020. A 2022 aka cire ɗauri ga ɓata suna da zagi, a Yunin 2024 kuma aka mayar da shi. Gwamnatoci uku ke nan, na farar hula da na soja, kowace ta taɓa dokar, ba wadda ta yar da ita. A fada kuwa kowa yana la'antarta ne lokacin da nasa ba ya kan mulki, in nasa ya hau sai ya yi shiru, ko ma ya ce ai dama bakin mutane ya yi yawa.

Dokar da Faransanci aka rubuta ta, gardamar kuwa da Hausa ake yin ta, kuma da murya, saboda da yawa daga masu salula ba su karatun boko. Hausa tana rarrabe zagi da habaici, da zambo, da ba'a, da gatse, da wasan taubasai ko na Barebari da Fulani, wanda in baƙo ya ji zai ɗauka za a zub da jini. Kowane ɗaya yana da matsayinsa da iyakarsa da wanda ya halatta ya yi shi. Kalmomin dokar biyu ko uku ne kacal, kuma cikinsu ne za a cusa duk waɗannan. Saƙon murya na minti biyu, da zarar ya isa gaban jami'in bincike, sai an mayar da shi rubutu, an kuma mayar da shi Faransanci. Karin murya ya ɓace, dariyar da ta biyo baya ta ɓace, wanda aka yi wa maganar da dangantakarsa da mai ita sun ɓace. Abin da alƙali zai karanta matani ne sabo, marubucinsa kuwa tafinta ne.

Damagaram ta san wannan tun da daɗewa. A 1906 Faransawa suka tuɓe Sarki Amadu ɗan Bassa bisa zargin ƙulla makirci, suka kai shi Kodebuwa, sarautar ba ta dawo ba sai a shekarun 1920. Mafi yawan abin da ya isa kunnen hafsoshin, ta bakin masu kai rahoto da tafintoci ya bi.

Kundin da aka ƙaddamar a Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. An yi ta murna da wannan a fadodi, kuma murnar tana da dalili. Amma aiki, a nan, ya haɗa da takardar tuhuma da hukuncin kotu. Ya kamata masana harshe su nemi a samar da fassarar dokar cikin Hausa wadda kotu za ta yarda da ita, a horar da tafintocin kotu a kan salon magana, a kuma wajabta sauraron saƙon da kansa a zaman shari'a kafin a karanta fassararsa, domin wanda ake tuhuma ya iya cewa a gaban alƙali: wannan gatse ne, ga kuma wanda na yi wa.