Sake Duban *Mutumin Kirkii* ta Fuskar Karin Magana

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1974 ne Jami'ar Indiyana ta Amurka ta buga laccar A.H.M. Kirk-Greene mai suna *Mutumin Kirkii*. A cikinta ya zayyana halaye 10 waɗanda a ganinsa da su Bahaushe yake auna nagartar mutum, wato gaskiya da amana da karamci da haƙuri da hankali da kunya da ladabi da mutunci da hikima da adalci. Tun daga lokacin manazarta suka riƙi wannan jeri tamkar mudu. Manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa jerin ya kawo ɓangare guda ne kawai na tunanin Bahaushe, domin karin magana bai taɓa yabon wani hali ba tare da ya yanka masa iyaka ba.

2.0 Hali da Iyakarsa

A ɗauki haƙuri. Bahaushen da ya ce "mai haƙuri yakan dafa dutse", shi ne kuma ya ce "haƙurin kaya sai jaki". Na farko lallashi ne ga wanda yake jiran abin da ba a samunsa da gaggawa. Na biyu kuwa tuni ne cewa akwai nauyin da ɗan'adam bai kamata ya ci gaba da ɗauka ba.

Haka abin yake ga kunya. Ita ce take hana uwa ambaton sunan ɗan fari, amma an ce "kunyar marar kunya asara ce", an kuma ce "ranar wanka ba a ɓoyon cibi". Ladabi ma bai tsira ba. Cikin "durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne" akwai lissafin mai neman biyan buƙata, wanda ya rusuna yana sane da tsawonsa.

Ko kan asalin hali maganar ba ɗaya ba ce. "Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi" gargaɗi ne ga mai reno, alhali "hali zanen dutse" dangana ce ga wanda ya gaji da gyaran babba. Saboda haka ma'anar karin magana ba ta cika sai an san wanda ya faɗa, da wanda aka faɗa wa, da kuma abin da ya jawo faɗar.

3.0 Muryar Wa Aka Ji?

Kalmomin amana da ladabi da hikima da adalci duk aro ne daga Larabci. Wannan alama ce ta cewa jerin ya fi kusa da muryar zauren malamai da fada. Wayo bai sami gurbi a cikinsa ba, ga shi kuwa Gizo ne gwarzon tatsuniya, wanda yara suke tashi da labarinsa. Haka kuma jerin bai tambayi waɗanda aka fi ɗora wa haƙuri ba, alhali amarya da bara da talaka sun fi kowa jin wannan kalma.

4.0 Kammalawa

Kirk-Greene ya cancanci yabo, domin ya buɗe ƙofar nazarin da ba a kula da shi ba a da. Haɗarin yana ga malamin da zai ba ɗalibi halayen nan 10 ya haddace, ya ɓoye masa karin maganar da suke ja musu linzami. Irin wannan ɗalibi zai tashi yana zaton Bahaushe bai san bambancin haƙuri da wulaƙanci ba. Ya kamata masu tattara karin magana su riƙa rubuta kowanne tare da muhallin faɗarsa da kuma kishiyarsa.