Karl Jenkins, Gwanin Da Ya Mai Da Murya Abin Kiɗa

A shekarar 1994 kamfanin jiragen sama na Delta da ke Amurka ya nemi a yi masa kiɗan talla. Aikin ya faɗa hannun wani mutumin yankin Wales na Birtaniya, mai kaurin gashin baki, Karl Jenkins. Shekarunsa 50 a lokacin, kuma da irin wannan aiki yake cin abinci. Abin da ya kawo musu waƙa ce da muryoyin mata, amma duk wanda ya kasa kunne don ya gane harshen da ake rerawa sai ya tashi a tutar babu. Wasu suka ɗauka Latin ne, wasu suka ce daga Afirka aka ɗebo shi. Alhali shi ya zauna ya ƙera kalmomin da kansa, kuma ba su nufin komai. A 1995 waƙar ta fito a faifai mai suna Adiemus: Songs of Sanctuary, daga nan sunansa ya bazu a duniya.

Wani zai ce ina aiki a nan, ai ko yaro ya iya surutu marar kai. To, ya gwada ya gani. Mai tsara kiɗa na al'ada ana miƙa masa baitoci ne, shi kuma ya nemo sautin da zai dace da su, ya bi tsawon kowace gaɓa da inda nauyin magana ya faɗa. Jenkins ya juya abin: sautin ne kan gaba, sannan ya zaɓo gaɓar da za ta ɗauke shi. Galibin gaɓoɓin da ya ƙera da wasali suke ƙarewa, domin baƙi a ƙarshen kalma datse numfashi yake yi, wasali kuwa yana barin baki a buɗe har sautin ya kai inda ake so. Inda muryar za ta hau sama sai ka ji wasali mai faɗi, inda kiɗan ya ɗauki sauri sai gajerun gaɓoɓi masu bugun harshe kamar tafi. Bahaushe ba zai ji abin baƙo a bakinsa ba, tun da mu ma yawancin kalmominmu da wasali suke rufewa.

Mun san kalangu, wanda gwani kan matse tsarkiyarsa ya sassauta har fata ta yi magana, ta kira sunan mutum a tsakiyar taro. Jenkins ya bi hanyar ta ɗaya ɓangaren. Ya karɓe magana daga bakin mutum, ya bar masa amo kaɗai, muryar ta zauna sahu ɗaya da goge da sarewa da ganga. Wadda ta rera masa, Miriam Stockley, haifaffiyar Afirka ta Kudu ce. An naɗi muryarta sau da yawa, aka ɗora wannan kan wancan, aka haɗa da muryar Mary Carewe, har mai sauraro ya zaci taron mata ne cike da fili. Rerawar kuma a miƙe take, da ƙarfi, babu karkarwar maƙogwaro irin ta mawaƙan opera. A bayansu makaɗan London Philharmonic ne, mutanen da suka saba da kiɗan manyan masu tsara kiɗa irin su Beethoven.

Wannan kunne a gida Jenkins ya samo shi. An haife shi ranar 17 ga Fabrairu 1944 a Penclawdd, ƙauye a bakin teku kusa da birnin Swansea. Mahaifinsa malamin makaranta ne, shi ne kuma mai kaɗa ogan na majami'a da koyar da mawaƙanta, kuma shi ya fara sa masa hannu a piyano. Wales ƙasa ce da rera waƙa cikin taro ya shiga jinin mutanenta: masu haƙar kwal da ma'aikatan masana'antu kan tashi daga aiki su taru su rera, a kuma yi gasa a bikin shekara da suke kira Eisteddfod. Yaron da ya tashi a cikin haka ya san iyakar abin da muryar mutum na gari za ta iya ɗauka. Daga baya ya koyi busa obo, wadda 'yar uwar algaitarmu ce, don duka biyun da tagwayen beli ake busa su. Ya yi karatun kiɗa a Jami'ar Cardiff, sannan a Royal Academy of Music da ke Landan.

Da ya gama bai nufi zauren manyan makaɗa ba, kiɗan jaz ya shiga. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar Nucleus, wadda ta zo ta ɗaya a gasar bikin jaz na Montreux a Switzerland a 1970, kuma a 1972 ya koma ƙungiyar Soft Machine. Wanda ya saurari aikinsa na wancan zamani zai ji ɗabi'ar da har yau bai bari ba: ya ɗauki ɗan gajeren sauti ya yi ta maimaita shi a ƙasa kamar tubali, yana ɗora sabon abu a kai kaɗan kaɗan. Talla kuma ta koya masa tsimin lokaci, don wanda aka ba daƙiƙa 30 ba shi da damar yin shimfiɗa. Kiɗan goge zalla da ya yi wa kamfanin lu'ulu'u na De Beers shi ya faɗaɗa ya zama Palladio, da sunan Andrea Palladio, magini ɗan Italiya na ƙarni na 16 da ya yi suna wajen auna daidaiton gini.

A ganina inda duk waɗannan suka haɗu suka nuna shi ne The Armed Man: A Mass for Peace. Gidan adana kayan yaƙi na Royal Armouries ne ya ba shi aikin don shigowar shekara ta 2000, shi kuma ya sadaukar da shi ga waɗanda rikicin Kosovo ya rutsa da su. An fara gabatar da shi ranar 25 ga Afrilu 2000 a Royal Albert Hall da ke Landan. Babi 13 ne, kuma Guy Wilson, shugaban gidan a lokacin, shi ya tattaro kalmomin daga wurare masu nisa da juna: Zabura, addu'o'in coci na Latin, littafin Mahabharata na Indiya, da baitocin Toge Sankichi, wanda yana Hiroshima ranar da bom ya faɗa.

Ga yadda ya jera abin. Ana farawa da takun sawun sojoji daga nesa, sai ƙaramar sarewa ta ɗauko wata tsohuwar waƙar Faransa ta ƙarni na 15 game da mutum mai ɗauke da makami. Ana ta maimaita ta, kowane zagaye da ƙarin murya da ƙarin ganga, har ta cika zauren. Tana tsayawa sai ladani ya miƙe ya yi kiran salla, shi kaɗai, duk makaɗan sun ajiye kayansu. Jenkins bai sa masa kiɗa ko ɗaya a ƙasa ba, kuma wannan kamun kai na cikin gwanintarsa. Akwai majami'un da suka ƙi yarda a yi aikin a cikinsu saboda wannan babi, akwai kuma Musulmin da ba za su so jin kiran salla a dandalin kiɗa ba; kowane ɓangare da hujjarsa. Can tsakiya, a babin kai farmaki, ƙahonni da ganguna suna hawa har mawaƙan su ɓarke da kururuwa, sai komai ya ɗauke ɗif. Shirun nan a rubuce yake cikin takardar kiɗan. Bayansa ƙaho guda ne ke busa taken da sojojin Birtaniya ke yi wa mamatansu. A babin ƙarshe waƙar farko ta dawo, amma an sauya mata launi ta koma ta murna.

Faifansa ya fito ranar 10 ga Satumba 2001, kwana ɗaya kafin harin New York.

Masu sharhin kiɗa da yawa ba sa ganin Jenkins da gashi. Cewa suke yi kiɗansa ya cika sauƙi, ya cika maimaici, har yanzu ƙamshin talla bai bar shi ba. Ba zan ce duk ƙarya suke yi ba, don cikin faya-fayan Adiemus na baya akwai inda za ka ji kamar an ɗumama tuwon jiya. Sai dai rubuta abin da malamar makaranta da ɗan fansho za su koya da yamma bayan aiki, su kuma rera shi ya girgiza zaure, ya fi wuya a kan rubuta abin da sai ƙwararru. Shi ya sa ƙungiyoyin mawaƙa na sa kai suka rungumi ayyukansa a ƙasashe da dama. Kuma lokacin da Wales ta cika shekara 50 da masifar Aberfan, inda tulin sharar kwal ya zabtaro kan makarantar firamare ranar 21 ga Oktoba 1966, aka rasa yara 116 da manya 28, shi aka nema. A cikin Cantata Memoria ta 2016 ya sa mawaƙa su ambaci sunayen mamatan. A 2015 aka ba shi lambar girma ta Sir, kuma an kaɗa aikinsa a bikin naɗin Sarki Charles na Uku a 2023.

Mai karatu, in abu ɗaya za ka saurara, nemi babi na 12 na The Armed Man, wanda ake kira Benedictus. Babban gogen da ake ce wa celo ne ke buɗe shi, can saman wuyansa inda kuskuren yatsa ba ya ɓoyuwa, kuma a hankali yake tafiya har ka ji kamar ba ya motsi. Kada ka ƙure ƙarar wayarka saboda sanyin farkon, akwai ganguna na nan tafe.