Odi, Ma'ajin Tunanin Wani: Nazari a kan Wasan Humans

Wasan talabijin ɗin nan mai suna Humans, wanda Sam Vincent da Jonathan Brackley suka tsara, an fara nuna shi a Ingila cikin 2015, aka ƙare cikin 2018, zango uku, kowane zango kashi 8. Tushensa wani wasa ne na ƙasar Suwidin da ya fito cikin 2012. Labari ne na wani zamani da aka ƙera injuna masu siffar 'yan Adam sak, ana sayensu kamar yadda akan sayi mota, suna shara, suna reno, suna jinyar tsofaffi. Hausa takan kira irin waɗannan mutum-mutumi, watau sunan abin nan da manomi kan sa wa tsohuwar rigarsa ya kafa a gona don korar tsuntsaye. Sunan bai dace da yawancin na wasan nan ba, amma ya dace da ɗaya, shi ne Odi, domin shi ma tsaye yake a madadin wanda ba ya nan.

Odi tsohon ƙira ne, ya fara lalacewa. Ubangidansa, Dakta George Millican, dattijo ne wanda da can yana cikin waɗanda suka ƙago injunan. Matarsa Mary ta rasu, ciwon shanyewar jiki kuma ya tafi masa da wani sashe na abin da yake tunawa. Odi kuwa yana riƙe da zamansu duka. Saboda haka sa'ad da hukumar lafiya ta ce a mai da shi, ta aiko da sabuwa mai suna Vera, sai George ya ɓoye shi. Ba amfaninsa yake ji ba, gama Odi ba ya iya ko sayayya a kanti ba tare da ya yi ɓarna ba. Abin da yake tsoro shi ne, in aka ɗauke Odi, an sake binne Mary.

A nan ne masu wasan suka fi gwaninta, ko da yake mai yiwuwa ba nan suka nufa ba. Odi na zango na farko ba shi da hankalin kansa ko kaɗan. Ba ya ƙaunar George, bai san ma mene ne ƙauna ba. Amma Will Tudor, wanda ya fito a matsayinsa, ya ba shi in'ina da karkatar wuya da murmushi marar dalili, har mai kallo ya fi jin tausayinsa bisa ga su Mia da Niska, waɗanda aka ce su ne masu hankali. Ranar da harsashi ya sami George yana kwance zai cika, Odi ya zo kusa da shi yana ba shi labarin Mary kamar tana raye. Rikicewar inji ce kawai, amma da wuya a ce akwai mai hankalin da zai iya yi wa dattijon nan sallamar da ta fi wannan.

To, sai zango na biyu, cikin 2016. Wata yarinya, Mattie Hawkins, gwanar kwamfuta, ta samo Odi, ta gyara shi, ta sa masa umurnin nan da ke farkar da inji ya san kansa. Wasan duka an gina shi ne a kan cewa wannan farkawa ita ce 'yanci, ita ce babbar kyauta. Odi shi kaɗai ya ƙaryata wannan. Ya farka ya tarar ba George, ba aiki, ba wanda ke bukatar abin da ya riƙe. Ya yi ƙoƙarin taimakon mutane, abin bai ci ba. Har coci ya je neman shawara wajen limamin Kirista. A ƙarshe ya bar wa Mattie wasiƙa, ya mai da kansa yadda aka ƙera shi tun farko.

Laifin masu wasan shi ne gaggawa. Sun ɗauko magana mai nauyi, watau ko halal ne a ɗora wa wani sanin kansa ba da yardarsa ba, sa'an nan suka sauke ta cikin 'yan fitowa kaɗan, suka koma ga guje-guje da harbe-harbe. Abin da ya fi wannan muni, ba a daɗe ba Mattie ta saki umurnin nan ga injunan duniya gaba ɗaya. Gaskiya ne tilas ce ta sa, don ceton ran Mia. Amma mai kallo yana da hakkin ya ga ta tsaya ta auna abin da ya sami Odi, tun da shi ne gwajinta na fari, ga kuwa yadda ya ƙare.

An sake ganin fuskarsa cikin zango na uku, sa'ad da Niska ta kai ƙarshen nemanta. Sai dai ba Odi ne ke magana ba. Wani hankali ne mai suna V ya shiga jikinsa, wanda Dakta Athena Morrow ta gina daga abubuwan da ta adana na 'yarta da ta rasa.