Rabon Mai Kallo a Cikin Waƙa: Nazari a Kan Kiɗan Dandali a Ƙasar Dakoro

Yau babu wayar da ba ta ɗauke da waƙa a Dakoro. Mai kabu-kabu yana da tasa, makiyayi a bakin rijiya yana da tasa, kuma da kuɗi kaɗan mai caji zai cika maka katin waya da muryoyin Kano da Yamai da Agadas. Duk da haka, ran da aka ji an ɗaura kalangu a wata unguwa, ko aka ce gobe akwai kokowa a wani ƙauye ta wajen Kornaka, sai ka ga mutane sun bar abin da ke aljihunsu sun kama hanya, wasu a amalanke, wasu a ƙasa. Abin tambaya shi ne, me suke nema a can wanda wayar ba ta ba su?

A ganina, amsar tana cikin yadda aka gina waƙar Hausa tun asali. Makaɗi ba ya zuwa dandali da gamammiyar waƙa. Yana zuwa da amshi, da take, da tarin kirarin da ya gada, sauran kuwa a wurin ake ƙera shi, da mutanen da suka hallara. Jagora ya jefa ɗa, 'yan amshi su karɓe, a wannan ɗan tsakanin yana duban taro yana neman wanda zai kama. Sanƙira na gefe yana sanar da shi wanda ya shigo, ɗan wane ne, jikan wane ne, me ya bayar. Mace ta rangaɗa guɗa, kiɗa ya ƙara zafi. Wani ya taso ya manna jika a goshin makaɗi, sunansa ya shiga waƙa nan take, wataƙila ya zauna cikinta har bayan ransa. Sananne ne cewa Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, yawancin waƙoƙinsa a gaban jama'a ya haife su, shi ya sa waƙa ɗaya takan fito da fuska daban a kowane wasa. Wanda ya halarci irin wannan taro yana da hannu a cikin abin da aka rera, kuma ya san haka. Daga nan daɗin yake fitowa.

Take shi ne zuciyar al'amarin, kuma shi ne abin da baƙo ya fi kasa ganewa. Kalangu yana bin hawa da saukar muryar Hausa, makaɗi na matsa tsarkiya a hammata yana sassautawa, har ganga ta faɗi magana. Manomi na da takensa, mahauci na da nasa, ɗan kokowa na da nasa, wasu gidaje ma sun gaji nasu kaka da kakanni. Mutum na zaune cikin natsuwa, a kaɗa taken ubansa, sai ka ga tsikar jikinsa ta tashi, ya miƙe bai shirya ba. A gayya, gangar noma na bin bayan samari kunya-kunya, wanda aka zuga ya manta da zafin rana. A filin kokowa kuwa, tun daga na ƙauye bayan girbin gero har zuwa gasar takobi ta ƙasar Nijar, wadda aka fara a Tawa a 1975 inda Kantu na Maraɗi ya ɗauke ta, ba a raba karawa da kiɗa. Ɗan kokowa ya fito da layu da guraye yana kirari, makaɗa na amsa masa, 'yan garinsu na ihu. Cire ganga daga wurin, abin da zai rage maza biyu ne suna kici-kici cikin rairayi.

Dakoro tana da wata riba da garuruwan kudu ba su da ita. Tana kimanin kilomita 120 arewa da Maraɗi, kusa da kwarin Tarka, inda gonaki ke ƙarewa makiyaya ta fara, saboda haka kunnen ɗan Dakoro ya saba da kiɗa fiye da iri ɗaya. Fulani Woɗaaɓe na wajen Bermo da Gadabeji, idan damina ta zo ƙarshe, suna taron geerewol: samari a jere, fuska da kwalliya, suna jan murya tare, suna ɗaga dunduniya, 'yan mata na zaɓen wanda ya fi. Babu ganga a ciki, murya ce da taku. Buzaye kuma na da tende, turmi da aka rufe da fatar akuya, mata na kewaye suna waƙa da tafi, maza na zagaya su bisa raƙuma, tafiyar raƙumi na bin bugun turmi. Ƙungiyar Etran Finatawa, wadda ta haɗa Woɗaaɓe da Buzaye a 2004, ta kai waɗannan muryoyi Turai da Amurka, kuma abin alfahari ne. Amma a nan gida, ko a geerewol ko a tende, da wuya ka nuna wanda ya zo kallo kawai. Mai tafi ma aikinsa yake yi.

Dakali da makirfo sun zo daga baya. A zamanin Shugaba Seyni Kunce aka farfaɗo da ƙungiyar matasa ta Samariya, aka fara bikin matasa na ƙasa a Damagaram a 1976, kowace jiha na tura 'yan wasanta. A 1987 aka kafa gasar Ɗan Gurmu don kiɗan zamani. Wannan tsari ya ɗaga mawaƙi sama, ya zaunar da jama'a a kujeru, ya sa alƙalai da agogo. Ya amfana ƙwarai, domin ya ba yaran karkara hanyar da za a ji su a rediyon ƙasa, ya kuma buɗe kiɗa ga wanda bai gaje shi ba. Waɗanda suka yi fice a cikinsa, su ne waɗanda suka hau dakali ba su bar dandali a baya ba. Sa'adu Bori na Maraɗi, wanda ya rasu a haɗarin mota a 2008, shi ne babban misali. Ya ɗauko salon kiɗan bori ya ɗora a kan jita da gangunan zamani, ya fitar da faifan Niamey Twice tare da Musa Pusi a 1994, kuma har arewacin Nijeriya mata sun yi rawa da waƙoƙinsa a gidajen biki. Kiɗansa na kiran mutum cikin fili, shi ya sa kujera ba ta riƙe masu sauraronsa.

Ba na cewa al'adar ba ta da aibi. Yabon da ake saye yakan ɗaga wanda bai cancanta ba, zambo kuma wani lokaci makami ne na tatsar wanda ke tsoron kunya. Akwai magidancin da zai watsar da kuɗin hatsin gidansa a dare ɗaya don a ambace shi. Malaman da ke suka a kan cakuɗar maza da mata da almubazzaranci suna da hujjar da ya kamata a saurara, kuma iyayen da ke tsoron barin 'ya'yansu mata a dandali har tsakar dare ba su yi laifi ba. Waɗannan abubuwa ne da unguwa za ta iya gyarawa da sa lokaci da sa idon manya, kamar yadda sarkin samari da shugabar 'yan mata ke yi a da.

Abin da ya fi damuna ya zo ne ta wata ƙofa. Mai biki yanzu yakan ɗauko mai na'ura da lasifika, domin ya fi sauƙin kuɗi a kan ciyar da makaɗa biyar da sallamarsu. Har mawaƙin zamani da aka gayyato daga nesa, sau da yawa waƙar da aka naɗa a situdiyo ake sakawa, shi kuma yana motsa baki. Ana rawa, ana liƙi, ana murna, kuma murnar ta gaskiya ce, ban raina ta ba. Sai dai waƙar ba ta san wanda ke wurin ba. Ko amarya ta yi kuka, ko kakarta ta shigo fili, na'ura za ta ci gaba yadda aka naɗe ta.

Illar kuma tana komawa gidan makaɗa. Yaro yana koyon take ne ta bin ubansa wasa, yana riƙe kurya ko kuntukuru, yana jin wane kiɗa ake yi wa wane gida. Idan gayyata ta ragu, yaron zai nemi wata sana'a, ya tafi ci-rani Nijeriya ko Libiya. Waƙoƙin manyan mawaƙa suna nan a kaset da waya, amma taken wani manomi na wani ƙauye a ƙasar Dakoro babu wanda ya naɗa shi, yana cikin kan tsoho ɗaya ko biyu da ke kaɗa shi.